Shekarar da Na Kankare Gadar Shanu

Ku da kuka tashi kuka tarar da bulo, ba na ganin laifinku in kun raina aikin dutse. Bulo ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: ka ja igiya, ka ɗora wannan kan wancan, kafin azahar bango ya kai ƙirji. Shekaranjiya a shantiye, wurin ginin da muke yi, na ji ɗayanku yana cewa ba abin da tsofaffin magina suka fi ku sai jan lokaci, wai dutse ɗaya sai mun juya shi sau bakwai kamar mai sayen kankana. Na ji, na ci gaba da aikina. Yanzu da kuka ci kuka ƙoshi, ku gyara zama in ba ku labarin wani aiki da na yi cikin sauri da tsafta irin wadda kuke so. Har yau in na tuna shi kaina ɗaurewa yake yi.

Ni Sale ba gadon gini na yi ba. Kakana daga Kano ya zo Garwa da fataucin goro, ubana ya yi zaman shago a kasuwa har ya tsufa, ni kuwa zama wuri ɗaya ya gagare ni. Ranar da na ce zan bi wani magini mutumin duwatsun Mokolo, gidanmu kamar an yi rasuwa. Sunansa Baba Tize. Gajere ne, tafin hannunsa ya fi ƙafar wani kaushi. Hausarsa ba ta da yawa, ni kuma Fulatancina na kasuwa ne, saboda haka da haɓa ya koya min rabin sana'ar. In ya nuna dutse da haɓa, ɗauko. In ya kau da kai, mayar.

Shekarata ta farko ban taɓa cokalin gini ba. Aikina ware duwatsu, mai fuska daban, na ciki daban, 'yan ƙananan da ake toshe kafa da su daban. Sai jiƙa sho, wato farar ƙasar nan da ake ƙonawa a wajen Figil. A rami ake jiƙa ta, ta yi makonni a kwance har ta koma kamar kindirmo, sannan a kwaɓa da yashin mayo, wato rafi. Siminti ba ya shiga aikin tsohon dutse, don in ruwa ya samu hanya ya shiga bayansa, ba ya barinsa ya fita. Kayan aikinmu ko jaka ba su cika ba: guduma biyu, kurfi uku na sassaƙar dutse, cokali, igiya mai ɗan ƙarfe a bakinta, da wani siririn ƙarfe da Baba Tize ya lanƙwasa da kansa don ƙwaƙule tsakanin duwatsu. Da su muka yi wa mahautan Garwa dakalin yanka, da su muka yi wa wani attajiri katanga a Mindif, mutumin da kullum sai ya zo ya tura bangon da kafaɗa ya ji ko zai motsa.

Amma aikin da ba ya wuce mu duk rani shi ne wata tsohuwar gadar dutse a kan wani mayo, a tsohuwar hanyar da ta nufi Poli. Baka uku gare ta, wato ƙofofi masu lanƙwasa da ruwa ke bi ta ƙarƙashinsu. Wasu su ce Jamusawa suka sa aka gina, wasu su ce Faransawa. Mutanen ƙauyen da ke bakinta su dai cewa suke kakanninsu ne suka ɗauko duwatsun a ka, kuma ba don suna so ba. Tun da aka karkatar da manyan motoci, ta zama hanyar shanu. Da damina in mayo ya cika, duk garken da za a kai kasuwa daga wancan gefen ta kanta yake bi, har sunanta ya koma Gadar Shanu. Mu namu shi ne mu shiga ƙarƙashi, mu ƙwaƙule tsohuwar sho da ta ruɓe, mu cusa sabuwa, mu duba ƙafafunta. Saman gadar kuwa Baba Tize ko kallonsa ba ya yi. Kashin shanu da jar ƙasa sun daskare a kai shekara da shekaru, baƙi ƙirin, ba ka ganin dutse ko ɗaya. Wata rana abin ya dame ni, na ɗauki shebur na fara kankara. Ya zo ya zare shebur ɗin daga hannuna.

Ya ce, "Accu." Wato bari.

Na tsaya jiran dalili, ya nuna min kwaɓin sho da haɓa. Na ɗauka dai ba ya son wari ne. Haka muka yi ta yi har ya tsufa ya koma dutsensu ya rasu, gadar ta dawo hannuna.

Shekarun baya kaɗan hukuma ta gina sabuwar gada ta kankare, jifa ɗaya ƙasa da tsohuwar. Da aka gama, abin da ya rage a takarda shi ne a rushe tsohuwa. Sai wata mata daga ofishin kayan tarihi, Madam Odil, ta ce ba ta san zancen ba. Aka aiko mota ta ɗauke ni, muka haɗu a bakin gada da ita da injiniyan aikin, wani saurayi mai ladabi da ake kira Hamadu.

Ya ce, "Baba, ni ba ƙin gadar nan nake yi ba. Amma ka duba inda ruwa ya nufa. Ran da wannan ta faɗi, duwatsunta a ƙafafun sabuwa za su taru su toshe mayo. Ni za a tambaya."

Madam ta ce, "Ba za ta faɗi ba. Papa Sale, manya za su zo daga Yawunde su gan ta. In ta burge su, za su sa ta cikin abubuwan da ba a taɓawa. Me za ka iya yi cikin mako biyu?"

Ba wanda ya sa ni. Da bakina na ce, "Madam, wa zai ga kyanta a ƙarƙashin kashin shanu? A kankare, a hana shanu hawa. Ai ga sabuwa can, su bi ta."

Kwana shida muka yi da diga da shebur, ni da leburori huɗu. Abin ya fi yadda na zata tauri, kaurinsa ya kai tsawon tafin hannuna, sai da muka karya ƙotar diga biyu. Fala-fala yake ɓallewa kamar ƙanzo a gindin tukunya, muna lodawa a baro muna zubarwa a gangaren mayo. Da muka wanke, sai ga shimfiɗar duwatsu masu faɗi, an jera su tsaf, aikin da ban taɓa sanin yana nan ba. Na kafa ƙarafa uku-uku a kowane baki yadda mutum zai wuce, saniya ba za ta wuce ba. Ina cikin kafa na ƙarshe sai ga Alhaji Garba a kan babur, babban dillalin shanu, wanda garkensa ya fi na kowa bin hanyar.

Ya ce, "Malam Sale, shanun ne suka yi maka laifi?"

Na ce, "Nauyi ne, Alhaji. Tsohuwa ce, ta gaji."

Ya ce, "Tun kakana suke hawanta ba ta ce uffan ba. Amma kai ne magini." Ya tayar da babur ya tafi.

Manya suka zo, suka ɗauki hoto, suka tafa. Wani ya riƙe hannuna ya daɗe yana magana da Faransancin da ya fi ƙarfina. Aka ce an dakatar da rushewa. Ranar na ji daɗi har cikin raina, na ce ashe abin da Baba Tize ya kasa gani ni na gani.

Damina ta sauka. Tsakiyarta na hau mota na je in duba, don haka kawai. Ruwan mayo ya ɗan janye, na naɗe wando na shiga ƙarƙashin bakan farko. Kwana biyu ba a yi ruwa ba, amma sai na ji ɗigo a wuyana. Na ɗaga kai. Duk cikin bakan yana zubar da ruwa, fari-fari, shon da na cusa da hannuna tana narkewa tana bin dutse. Shekara fiye da arba'in ina shiga nan, ko a tsakiyar marka ƙura nake tararwa. Na hau sama, na tarar ciyawa ta tsiro a kowace gaɓa, har da 'ya'yan ceɗiya guda biyar, ga shi ba kofaton da zai taka su, ba bakin da zai cinye su. A bakan tsakiya kuwa wata tsaga da na sani tun ina yaro, wadda a da ko allura ba ta shiga, yanzu kurfina ya shige ta.

Daga nan kowa ya zama malami. Injiniya Hamadu ya ce gindi ne ya zauna. Madam Odil ta ce girgizar motocin da suka yi aikin sabuwar gada ce. Jauron ƙauyen, wato mai gari, ya ce mun tashi masu wurin, a yanka baƙin bunsuru. Alhaji Garba ya aiko a gaya min alhakin shanu ne. Ni da ya kamata in sani, na shiga mayo da sanda na bi ƙafafun gadar ɗaya-ɗaya, ban ga inda suka motsa ba. Na cire nauyi daga kanta, na wanke ta, na hutar da ita, sai ta kama ciwo. Wane irin gini ne hutu ke kayarwa? In na bi maganar wannan sai ta wancan ta rushe ta. Na rasa na kamawa.

Da kaka Injiniya ya zo da wani ɗan gilashi kamar yatsa biyu. Ya hau tsani ya manna shi a kan tsagar, rabi a wannan dutse rabi a wancan.

Ya ce, "Baba, wannan shi ne shaida. In tsagar ta ƙara buɗewa ko da kaurin gashi, zai fashe. Na ba ku damina ɗaya. In na dawo na tarar ya fashe, wallahi ba ruwana da hoto, katafila zan kawo."

Ranin nan shi ne mummunar shekarata. Na dai gane ruwa daga sama yake shiga, to sai a toshe sama. Na tumɓuke ceɗiyoyin, na cike gaɓoɓin shimfiɗar da sho mai kyau wadda ta yi wata biyu a rami. Ranar Garwa kun san ta. Kafin mako uku duk ta tsattsage kamar faso, don sho a bango take zama, ba a kwance tana kallon rana ba. Na ce to a zuba kankare a sama.

Madam Odil ta kama kai. "Papa Sale, siminti a kan wannan? In ka zuba, za su cire ta daga takarda, sai a rushe."

Na ce, "Kwalta fa?"

Ta ce, "Ita ma haka."

Na koma wurin Injiniya, ya ce shi ko me za a zuba a zuba, ruwa dai kada ya shiga. In na zuba siminti a rushe, in ban zuba ba a rushe. Gaba kura, baya sayaki. Jauro ya kawo shawara a yi wa gadar rumfar kwano daga wannan baki zuwa wancan. Kada ku yi dariya, sai da na kwana biyu ina auna abin a raina.

Wata rana da azahar na gangara mayo da buta zan yi alwala. Na taka wani abu mai tauri cikin ciyawa, na duba, ashe tarin ɓawon nan ne da muka kankare muka zubar. Damina guda ta wuce a kansa, ga shi nan fala-fala yadda muka bar shi, ko gefensa bai narke ba. Na ɗauki ɗaya na tsiyaya masa ruwan buta. Ruwan ya gangare ya zube ƙasa. Na karya shi a gwiwa, cikinsa a bushe ƙamas. Na zauna a wurin, kunya ta rufe ni. Rufin gadar na cire da hannuna, na karya ƙota biyu wajen cire shi, aka kuma tafa min. Garin neman gira na rasa ido. Abin da ban sani ba har gobe shi ne ko Baba Tize ya san haka, ko kuwa da gaske warin ne ba ya so. Mutumin da bai taɓa haɗa kalma biyar a jere ba, ga shi ƙasa ta rufe shi, wa zan tambaya?

Washegari na tumɓuke ƙarafan nan shida, na nufi gidan Alhaji Garba. Na gaya masa komai ban rage ba. Bai yi min dariya ba, Allah ya saka masa.

Ya ce, "Malam Sale, ka makara. Tun da ka toshe tsohuwar gada, yarana a mota suke loda shanu tun daga can. Wa zai koro saniya kwana huɗu ta rame alhali ga mota? Amma akwai garke ɗaya da zai taso ran Laraba, zan ce su bi ta kanta."

Suka zo, shanu wajen sittin. Minti nawa ne? Suka hau, kofato yana zamewa a kan dutsen da na wanke, wani bijimi ya durƙusa saura kaɗan ya karye. Masu korar suka zazzage ni da Fulatancin da ban taɓa ji a kasuwa ba, suka rantse ba su ƙara biyowa. Abin da suka bar min a kan gadar bai cika kwano uku ba. Da Alhaji ya ji, sai ya yi magana da sarkin fawa, aka aiko min da tifa guda ta kashin shanu daga mayanka. Muka baje shi da shebur daga baki zuwa baki. Kwana tara, aka yi ruwan farko na bazara, ɗan yayyafi ma ba wani ruwan kirki ba. Da safe gada ta fito fes, kaya duk sun koma mayo, matan da ke wanki a ƙasa suna ɗebe min albarka. Damina saura wata guda.

A bakin gadar akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, Gwaggo Tabawa, matar wani mahauci da ya daɗe da rasuwa. Tun ina bin Baba Tize take wurin, ba ta taɓa kirana da sunana ba. Ranar na zauna a bencinta da guntun ɓawon nan a hannu ina ta juya shi, ƙosan ma na kasa ci.

Ta ce, "Yaron Tize, me kake ta shafawa kamar ka tsinci zinariya?"

Na miƙa mata. Na fara yi mata bayani irin na magina, kashi da jar ƙasa da fitsari, kofato yana dannawa shekara da shekaru, ba mai iya yin irinsa cikin wata guda. Ba ta saurare ni ba. Ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ta kankara da farce, ta shinshina.

Ta ce, "Wannan ai daɓe ne."

Na ce, "Wane daɓe, Gwaggo?"

Ta ce, "Daɓe dai da ka sani, na tsakar ɗaki. Shanu sun yi nasu da ƙafa, mu da madaɓi muke yi. Kai a kan me uwarka ta haife ka, a kan siminti? Shekara nawa kana gini ba ka gane daɓe ba?"

Na dubi ɓawon da ke hannunta. A kan daɓe na yi rarrafe, a kansa na ci tuwo, na ga an kwarara masa ruwan wanka bai jiƙe ba. Amma daɓe aikin mata ne, ran da za a yi ma korar maza ake yi daga gida. Ba maginin da ya taɓa lissafa shi cikin gini, har ni.

Na ce, "Na ɗaki ai a inuwa yake. Wannan rana da ruwa za su dake shi."

Ta ce, "Tsakar gida fa, rufi gare ta? Ka samo min marmara da jar ƙasa, da sauran kashin nan in bai ƙare ba. Ɗorawa ta nuna, makuba ba ta wuya. Mata kuwa ni zan kira."

Na je na gaya wa Madam Odil. Ta tambaye ni sau uku ko akwai siminti a ciki, na ce babu, ta ce a yi. Injiniya ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi gilashinsa ya sani.

Mata goma sha huɗu Gwaggo ta tara daga ƙauyuka uku, Hausawa da Fulani da wasu ma ban san yarensu ba. Kowace ta zo da madaɓinta, ɗan katako mai faɗin ciki da mariƙi, wasu sun yi baƙi don tsufa, an zaro su daga ƙarƙashin gado. Aka jiƙa ɓawon ɗorawa a manyan tukwane har ruwan ya yi ja kamar shayi, shi ne makuba. Suka kwaɓa marmara da jar ƙasa da kashi, suka shimfiɗa kaurin yatsa uku, suka jeru a durƙushe daga bangon wannan gefen gadar zuwa na wancan. Suna duka suna ja da baya, suna waƙa, hannu goma sha huɗu yana sauka lokaci ɗaya. In wuri ya yi ƙyalli a yayyafa makuba a sake bi. Da rana ta take a rufe da zana, da la'asar a buɗe a ci gaba. Shimfiɗa uku suka yi, ɗaya kan ɗaya, tsakiya ta ɗan fi gefe tudu don ruwa ya gangare, kuma ba wadda ta riƙe igiya ko ma'auni. Na kawo nawa na gwada a ɓoye, ban sami abin gyarawa ba. Kwana goma sha ɗaya, ni babban magini aikina ɗebo ruwa daga mayo. Sau ɗaya na ce ko a ƙara yashi, Gwaggo ta ce in an nemi bakina za a aiko.

Daminar nan ban san sau nawa na hau motar Poli ba. In shiga ƙarƙashi, in ɗaga kai, in shafa dutse. Wani zuwan in ga kamar ya bushe, wani zuwan in ga kamar danshi, in rasa ko ruwan bara ne yake fita ko sabo ne yake shiga. Gilashin yana can sama inda idona ba ya kaiwa, kuma Injiniya ya hana kowa sa tsani.

Bayan an girbe dawa ya zo, shi da Madam Odil. Ƙauyen duk ya fito. Ya jingina tsani ya hau, ya goge gilashin da hannun riga, ya kunna fitilar wayarsa. Ya daɗe. Ni dai ƙasa nake kallo.

Ya ce, "Bai fashe ba."

Mata suka rangaɗa guɗa, Madam ta rungume Gwaggo har da man ƙosai. Injiniya ya sauko ya hau saman gada, ya doddoka daɓen da dugadugin takalmi, ya buɗe littafinsa.

Ya ce, "Baba, zan rubuta a bar ta. Amma sai na rubuta shekara nawa wannan abin zai yi."

Duk rayuwata ana yi min tambayar nan, ban taɓa ƙifta ido wajen amsa ta ba. Ranar sai na juya na kalli Gwaggo Tabawa.

Ta ce, "Biyu. In an yi sa'a uku. Sai a sake."

Ya ce, "Wa zai sake?"

Na dubi matan nan goma sha huɗu, ƙaramarsu tana da jikoki. 'Ya'yansu duk a kan siminti da tayil suke kwana, ba wadda ta taɓa riƙe madaɓi. Gwaggo ta kwance ɗaurin zaninta na sama, ta zaro nata madaɓin, ta miƙo min.

Ta ce, "Wanda ya kankare mana. Rubuta, ɗana: yaron Tize."

Haka ya rubuta, sai da Madam ta gyara masa sunan.

Yanzu duk ran kasuwar ƙauyen ina can bayan ɗakin Gwaggo, a durƙushe, da furfurata, ina koyon daɓe a wani ɗan fili da ta ware min kusa da turken awaki. Sau huɗu tana sa ni in farfashe in sake. Ta ce hannuna ya yi nauyi, ina duka kamar mai kashe maciji. Ita ƙafa ta fara hana ta fita, daɓen gada kuma ya ci damina biyu, na ga gefensa na gabas ya soma ɓarewa. Makon jiya na tambaye ta ko na kusa iyawa. Ta ƙwanƙwasa inda na daɓe, ta saurara, ta ce in dawo mako mai zuwa.